Darar Hafsoshi: Yadda Ake Lissafin Shayar Da Jirage Mai A Sama

Kowa ya san rawar daji, watau sa'ad da soja suka fita bayan gari da bindigoginsu da motocinsu, suka rabu biyu suna kwaikwayon yaƙi don hannunsu ya faɗa. Amma akwai wata rawar dajin wadda ba a fita ko ƙofar bariki dominta. A ɗaki ake yin ta, a kan tebur, da taswira da 'yan guntayen katako da alƙalami, yanzu kuma har da kwamfuta. Manyan hafsoshi ne ke zama su kasu ƙungiya biyu, waɗannan su riƙe rundunar ƙasarsu, waɗancan su zama abokan gaba, a sa alƙali a tsakani. Mu dai a nan za mu kira ta darar yaƙi, gama ta yi kama da darar da dattawa ke yi a gindin itace, sai dai ita wannan, abin da aka koya a cikinta daidai ko kuskure yakan koma kan rayukan mutane daga baya.

Kafin a zauna wasan sai wani ya shimfiɗa shi. Shi ne zai ce ga ƙasar da za a yi faɗan, ga lokacin shekara, ga yawan mayaƙa da jiragen kowane ɓangare, ga kuma abin da aka yarda da wanda aka hana. Ba a cika jin sunan wannan mutum ba, amma nauyin da ke kansa ba kaɗan ba ne. Abin da ya sa a ciki shi hafsoshi za su koya, abin da ya bari a waje kuwa za su tashi suna zaton babu shi a duniya. To, a cikin abubuwan da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi har da man jiragen sama, balle a zo ga shayar da jirgi mai yana cikin tafiya a sama. Zancenmu ke nan yau, za mu kuwa ɗora shi a kan ƙasar da masu karatu da yawa suka sani kamar yunwar cikinsu, watau kwarin kogin Haɗejiya.

Asalin darar

Daga ƙasar Purushiya abin ya fito, wadda daga baya ta zama jigon ƙasar Jamus. Wani mutum wai shi von Reisswitz ya ƙago ta ya nuna wa sarkinsu cikin shekarar 1812, ɗansa kuma, wanda yake hafsan igwa ne, ya gyara ta ya kai wa shugaban hafsoshi cikin 1824. Shi ɗan ne ya ɗora ta a kan taswira ta ainihi, ya sa guntaye ja da shuɗi a madadin rundunoni, ya ƙayyade nisan da dakaru da barade za su iya ci cikin minti 2, ya sa alƙali wanda shi kaɗai ke ganin ɓangarorin biyu, da ƙuri'a wadda za ta yanke abin da ya rage ga sa'a. Da Purushiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai sauran ƙasashe suka yi ta kwaikwaya. A ƙasarmu ma, a Kwalejin Hafsoshi ta Jaji wadda aka buɗe cikin 1976, aikin taswira irin wannan yana cikin abin da ake horad da hafsoshi da shi.

Amma dara ba ta da amfani sai in an yarda ta faɗi abin da ba a so a ji. Cikin watan Mayu 1942 hafsoshin ruwa na Japan suka zauna suka gwada harin da suke niyyar kaiwa tsibirin Midway. Bisa ga abin da waɗansunsu suka rubuta bayan yaƙi, ƙuri'a ta nuna bom 9 sun sami manyan jiragen ruwansu masu ɗaukar jiragen sama, biyu sun nutse. Sai shugaban zaman, Ugaki, ya ce a mai da su 3, aka ce jirgi ɗaya ne ya nutse, can gaba kuma shi ma ɗayan aka tsamo shi aka ci gaba da wasa da shi. Wata guda bayan haka aka yi na gaske, irin waɗannan jirage har 4 suka tafi ƙarƙashin teku, ba kuwa wanda ya tsamo su. Mai shimfiɗa darar da ya bar jiragen sama suna yawo ba tare da mansu ya ƙare ba, irin aikin Ugaki ya yi, sai dai shi nasa ba wanda zai lura.

Zango da guzuri

Lissafin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Madugun fatake ba ya ƙidaya tafiya da tsawon hanya, da rijiyoyi yake ƙidaya ta. Ayarin gishiri da ke tashi daga Abzin zuwa Faci da Bilma yakan ratsa rairayin da babu ko tsinken ciyawa, saboda haka raƙuma kan tashi da dammunan ciyawa a bayansu, suna tafe suna ci, ana kuma ajiye wani kashi a hanya don komowa. Raƙumin da ya ɗauko abincin wani, shi ma sai ya ci daga ciki. Wanda ya gane wannan ya gane rabin zancen jirgi mai shayarwa. Ko tsuntsayen Turai da ke zuwa cin rani a fadamun Baturiya da Dagona ba sa kama hanyar gida sai sun yi kitse, don sun san tsakaninsu da Bahar Rum akwai hamada.

Jiragen sama na farko da suka sauka Kano, ran 1 ga watan Nuwamba 1925, guda 3 ne na sojan Ingila, sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira, shugabansu wani hafsa ne mai suna Coningham. Ba su iya wannan tafiya ba sai da aka riga aka kai fetur aka jibge musu zango zango. Bayan shekara 15 hanyar da suka buɗe ta zama abin dogara. Da Faransa ta faɗi, Italiya kuma ta shiga Yaƙin Hitila cikin 1940, Bahar Rum ta ƙi biyuwa, sai Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gwalkwas, a harhaɗa su can, su tashi su bi ta Ikko, Kano, Yerwa, Fatlomi, Janaina, Fashir, Hartum, har Masar. Ayari na farko ya tashi cikin Satumba 1940, kafin ƙarshen 1943 kuwa jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan. Wanda ya ja zare a taswira daga Kano zuwa Yerwa zai ga ya ratsa tsakanin Haɗejiya da Azare. Shi kuwa Coningham, shi ne ya zama shugaban mayaƙan saman Ingila a hamadar Masar da Libiya, yana karɓar jiragen da suka biyo sawunsa.

Kowane zango a cikin waɗannan rijiya ce wadda sai an yi mata ɗauri. Na Kano jirgin ƙasa ke kawo shi daga Ikko. Na Yerwa kuwa, da yake dogo bai isa can ba sai 1964, sai a mota, a kan hanyoyin da damina ke lalatawa. Jamusawa sun san haka. Cikin watan Janairu 1942 jirginsu guda ɗaya tak, samfurin Heinkel, ya taso daga kudancin Libiya ya ratsa hamada ya zuba wa filin Fatlomi bom, ya ƙone mai wajen galan 80,000. Abin mamaki, su ma maharan a hanyar komawa nasu man ya ƙare, suka sauka a tsakiyar hamada, suka yi kwanaki suna jiran mutuwa kafin 'yan'uwansu su gano su su kai musu mai. Hari ɗaya ya nuna abin ta fuska biyu.

Rijiya mai tafiya

Tun kafin wannan lokaci waɗansu suna ta neman dabarar da za ta raba jirgi da sauka zango. Ran 27 ga watan Yuni 1923, a San Diyego ta ƙasar Amurka, wani jirgi ya zuro tiyo daga sama, na ƙarƙashinsa ya kama ya sha. Cikin Janairu 1929 wani jirgin sojan Amurka ya yi sa'a 150 a sama bai taɓa ƙasa ba, cikin 1949 kuma wani ya kewaye duniya cikin sa'a 94, aka shayar da shi sau 4 a hanya. Daga 1957 aka fara aiki da KC-135, wanda ke iya ɗaukar mai wajen tan 90.

Hanyar shayarwar iri biyu ce, bambancin kuwa ba na ado ba ne. A ta farko jirgi mai shayarwa yana da wani dogon bututu mai ƙarfi a gindinsa, da mutum a baya yana sarrafa shi har ya soka shi a wata kafa a gadon bayan mai sha. A ta biyu tiyo ake saki, da wani abu kamar kwando a bakinsa, matuƙin mai sha shi zai lallaɓo ya zura wani tsinken bututu da ke gaban jirginsa a cikin kwandon, alhali dukansu biyu suna gudun mil ɗaruruwa a sa'a. Ta farko ta fi saurin zuba mai, ita sojan saman Amurka suka fi bi. Ta biyu ita ce ta Ingila da Faransa da sojan ruwan Amurka. Jirgin da aka ƙera don ɗaya ba ya sha ta ɗayar. Ana iya ɗaura wa bututun KC-135 guntun tiyo da kwando, amma a ƙasa ake ɗaurawa, in ya tashi da shi kuwa, a wannan fita masu kafa a baya ba su da rabo.

Mu shimfiɗa tamu

Yanzu bari mu gwada. Lambobin da ke tafe na misali ne kurum, mun zaɓe su don sauƙin lissafi, kowane malamin makaranta yana iya rubuta su a allo. A ce jirgin yaƙi yana zaune a Kano, cikinsa yana cin mai kwano 100. Tashi da hawa sama suna cinye 10. Kowane mil 10 yana cin kwano 1, in kuwa shawagi yake yi wuri ɗaya, kwano 1 cikin minti 2. Doka ta ce kada ya sauka da abin da ya gaza 15, don ko ta kwana. An ce ya tafi ya tsare waɗansu sojan ƙasa da aka ritsa da su mil 300 daga Kano, can ƙasa ƙasa a bakin kogin Yobe. Hanyarsa kusan bin ruwa ce: ya wuce ta kan Ringim, ya wuce Haɗejiya wadda ke mil 100 da 'yan kai, ya wuce Gashuwa.

In ba mai shayarwa, zai isa da kwano 60. Komowa na bukatar 30, ajiya 15, saura 15. Minti 30 ke nan zai yi a kan mutanen ya juya, ko an gama faɗa ko ba a gama ba.

To, a kawo jirgi mai shayarwa a tsai da shi yana kewaye mil 200 daga Kano, gaba da Gashuwa kaɗan. Mai yaƙi ya zo ya cika cikinsa, ya isa wurin faɗa da 90. A nan ne darar ta fara daɗi, gama hafsa yana da zaɓi biyu. In ya ce jirginsa ya bar wurin da abin da zai kai shi gida ko da bai sake samun mai shayarwa ba, sai ya juya da 45, ya yi minti 90 ke nan. In kuwa ya dogara cewa rijiyar tana nan inda ya bar ta, sai ya zauna har saura 25, ya sami minti 130. Minti 40 a kan mutanen da ake harbi ba abin rainawa ba ne, kusan kowane hafsa mai zuciya zai miƙa hannu ya ɗauka. Sai alƙali ya jefa ƙuri'a, ta faɗo cewa tiyon mai shayarwa ya tsinke. Jirgi ya iso mahaɗa da kwano 15, watau mil 150, gida kuwa mil 200. Wajen Ringim injinsa zai yi shiru.

Hafsa mai wayo zai ce, ai ba sai Kano ba, na sauka Yerwa ko Damaturu ko Dutse. Madalla. Amma a nan ake gane ko mai shimfiɗa darar ya yi aikinsa. Ya rubuta tsawon kowane fili? Akwai fitilu in dare ne? Akwai irin man da wannan jirgi ke sha, ko kuwa zai sauka ya zauna kamar kaya? In ya ce watan Janairu ake ciki, ya tanadi ranar da hazo zai rufe filin har matuƙi ba ya ganin ƙasa? In bai tanadi amsar waɗannan ba, alƙali zai ce kawai an sauka lafiya, hafsa kuma ya tashi ya tafi da imanin cewa caca irin wannan tana ci.

Akwai kuma abin raƙumin nan. Shi mai shayarwa daga cikin abin da ya ɗauko yake sha. Kowace sa'a da ya yi yana kewaye yana jiran baƙi, abin da zai bayar yana raguwa, in kuma aka matsa da shi gaba don ya kusanci masu yaƙi, sai ya shiga inda abokan gaba za su iya kai masa, ga shi ƙato, ba sauri, ba makami. Abokin gaba mai hankali ba zai ɓata harsashi a kan jirage 8 ba in ya san inda mai shayar da su yake. Sa'an nan ga layi. In jirage 4 suka iso tare, kowanne yana bukatar minti 5, na ƙarshe zai yi minti 15 yana ƙona mai yana kallo, kamar mai tulu a bakin famfo. Ga hadarin damina, wanda ke tasowa daga gabas ya tilasta a kauce daga mahaɗar da aka yi alkawari. Ga kuma iyaka, wadda ba ta da nisa daga kwarin nan. Cikin Afrilu 1986, da jiragen Amurka suka tashi daga Ingila za su kai wa Libiya hari, Faransa da Sifen suka hana su ratsa samansu, dole suka kewaya ta bakin teku, tafiyar ta ci wajen sa'a 13 da jiragen shayarwa 28. Kusa da gida kuma, ran 6 ga watan Agusta 2023 sojan da suka karɓi mulki a Nijar sun rufe samansu da sanarwa guda.

Kada wani ya ce mun cika tsoro. A daren 30 ga Afrilu 1982, lokacin yaƙin Ingila da Ajantina a kan tsibiran Fokland, Ingila ta so ta jefa bom a filin jirgin Stanley daga tsibirin Asenshin, nisan mil wajen 3,900. Jirgi ɗaya ake so ya isa, samfurin Vulcan, amma jiragen shayarwa 11, samfurin Victor, suka tashi don kai shi, suna shayar da shi suna shayar da juna, suna juyawa ɗaya bayan ɗaya, daidai da raƙuman Bilma. An yi lissafin a takarda tsaf. Da aka hau sama sai aka tarar Vulcan yana shan mai fiye da yadda aka rubuta, saboda nauyin kayansa da irin tafiyar da aka tilasta masa don ya jera da sauran. Can kudu cikin hadari tsinken wani Victor ya karye, aka sake rabon aiki a sama. Matuƙin Victor na ƙarshe, Tuxford, ya ba da mai har abin da ya rage masa ba zai kai shi gida ba, bai kuwa iya kiran taimako ta rediyo ba sai da aka gama harin, don kada a tona asiri. Allah ya sa aka tarye shi. Daga bom 21 da aka jefa, ɗaya ya sami tsakiyar filin. Ƙwararru ne suka yi wannan lissafi, duk da haka saura ƙiris.

Saboda haka yaya ya kamata a sa shi a dara? Waɗansu sukan faɗaɗa da'irar da jirgi ke iya kaiwa a taswira kurum, su ce ai akwai mai shayarwa. Wannan lalaci ne, ƙarya ce kuma, don ya mai da rijiya ta zama kogi. Waɗansu kuma sukan bar wa kwamfuta ta ƙidaya kowane galan, har hafsoshi su nutse cikin lambobi su manta yaƙi suka zo koya, ko kuwa su gaji su murɗa mabuɗin da ke cewa mai ba ya ƙarewa. A ganinmu abin da ya fi shi ne a ba kowane mai shayarwa guntun katakonsa a kan taswira, da adadin kwanonin da ke raguwa sa'a sa'a a idon kowa, a bar abokan gaba su farauce shi, a bar ƙuri'a ta lalata shi wani lokaci, in jirgi ya faɗi don ƙishirwa kuma a ɗauke shi daga tebur kada a mayar. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin baitulmali ya san kuɗin da ke cikin kiyasi daban, wanda ke cikin akwati daban.

Gatarin aro

Yammacin Afirka ya ga wannan aiki da idonsa cikin 2013, sa'ad da Faransa ta shiga yaƙin Mali. Ran 13 ga Janairu jirage 4 samfurin Rafale suka tashi daga Faransa, suka sha mai sau 5 a sama, suka kai hari wajen Gawo, suka sauka Injamena, watau Fatlomin da, bayan sa'a 9 da rabi. Daga Injamena zuwa Gawo ya fi mil 1,000, zaren taswira kuwa yana bi ta arewa da Nguru ya ratsa daidai Damagaram. Jiragen da ke zaune Cadi ba su iya wannan zirga-zirga sai da shayarwa. Jiragen shayarwar Faransa kuwa tsofaffi ne, tun 1964 aka kawo na farkonsu, ba su kuma da yawa, har kafin watan ya ƙare sai da Amurka ta turo nata daga Sifen suka taya. Ita Nijeriya a wannan shekara tsohuwar dabara ta bi, ta matsa da jiragenta samfurin Alpha Jet zuwa Yamai don su kusanci wurin aiki. Yau sojan Faransa sun bar Mali tun 2022, sun bar Nijar cikin 2023, sun bar Cadi a farkon 2025. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Darar da ta ɗauka cewa jirgin aboki zai zo kullum, ya kamata a ƙalla sau ɗaya a buga ta a ranar da aboki ya ce yana da uzuri.

Abin da taswira ba ta faɗa

Galibin ƙasashenmu na yammacin Afirka ba su da jiragen shayarwa, saboda haka rijiyarsu tana ƙasa: ƙaramin fili a gaba, da gangunan mai, da tankar da za ta kawo su, musamman don jirage masu saukar ungulu. Lissafin bai sake ba, sai dai maimakon tiyo ya tsinke, hanya ce za ta yanke. A nan kwarin Haɗejiya yake da darasin da ba kowace ƙasa ke da shi ba.

Taswira ɗaya ce, amma ƙasar biyu ce. Da rani mota tana ratsa fadama ta ko'ina. Tun zamanin dawaki da rani ake fita yaƙi, ko rundunar Turawa da ta zo Haɗejiya cikin Afrilu 1906, sa'ad da Sarki Muhammadu ya yi shahada, ƙasa a bushe ta taka. Amma daga Agusta zuwa Oktoba ruwan kogin Kano da na Calawa yakan sauko ya bazu tsakanin jigayi, ya rabu cikin Marma da Burum Gana da sauran rassa, garuruwa su zama tsibirai. Tun da aka gina madatsar Tiga cikin 1974 da ta Calawa cikin 1992, zuwan ruwan ya danganta har da ranar da aka buɗe ƙofa can sama. Kacala kuma ta toshe waɗansu hanyoyin ruwa, har ruwa yana bin inda bai saba bi ba, abin da tsohuwar taswira ba ta sani ba. A ambaliyar 2020 da ta 2022 ƙasashen Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma sun sha wuya, hanyoyi suka yanke, mutanen Haɗejiya suka yi ta kwana a bakin jinga da buhunan ƙasa. Ko da rani ma tanka ba abin amincewa ba ce ɗungum. Ba mu manta da Majiya ba, a ƙasar Taura kan hanyar Kano zuwa Haɗejiya, inda tankar fetur ta faɗi ta kama wuta cikin Oktoba 2024, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Hafsan da ke zaune a Jaji ko Abuja yana shimfiɗa dara a kan wannan ƙasa ba zai sami waɗannan a littafin ƙera jirgi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Sarkin ruwa ya san mashigin da ke ɗaukar kwalekwale a Satumba, dagaci ya san tudun da ruwa bai taɓa hawa ba, malamin ayyuka ya san kwalbatin da ba zai ɗauki mota mai tan 30 ba, malamin makarantar ƙauye kuwa ya san ranar da yara suka daina iya zuwa aji. A hannun irin masu karanta wannan jarida labarin yake, a cikin rajista da rahoton wata wata, in an rubuta su da gaskiya an kuma adana su.

Ba ma sai soja ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, ambaliya kuwa ba ta zuwa ba sallama. Babu abin da zai hana sakataren ƙaramar hukuma ya tara hakimai da malaman asibiti da masu kwalekwale cikin watan Yuni, a shimfiɗa taswira a kan tebur, a sa wani dattijo mai taurin kai ya zama alƙali, shi kuma ya ce yau 10 ga Satumba, hanyar Guri ta yanke tun jiya da dare. Sa'an nan a bi tambayoyin ɗaya ɗaya: kwalekwale mai inji nawa ke wancan hayi, galan nawa kowanne ke sha zuwa da komowa in ya yi lodi yana gaba da ruwa, ganga nawa aka riga aka ƙetarar, a wane tudu aka ajiye su, kuma mabuɗin siton yana aljihun wa.